Tsuntsu da Gini a Ƙasar Hausa: Ɓarna, Camfi da Dabarun Kariya

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ungulu ba ta jewar banza. Duk inda aka gan ta tana shawagi, to akwai abin da ta hango a ƙasa. Wannan magana ba ga ungulu kaɗai ta tsaya ba, domin babu tsuntsun da zai bar daji ya tare a gidan mutum face ya sami ɗaya daga cikin abubuwa uku, watau abinci, ko ruwa, ko wurin da zai yi sheƙa ya kwana cikin aminci. Gidaje da masallatai da makarantu da kasuwanni da ɗakunan ajiyar hatsi duk suna bayar da waɗannan abubuwa ba da sanin masu su ba, sai ranar da indararo ya toshe, ko silin ya rufto, ko wari ya hana zama, sa'an nan a tashi neman magani.

Wannan maƙala za ta duba tsuntsayen da ke zaune tare da Bahaushe a cikin gininsa da kewayensa, da irin ɓarnar da suke yi, da kuma hanyoyin rage ta. Abin da take son nunawa shi ne, matsayin da al'ada ta ba kowane tsuntsu bai cika dacewa da gwargwadon ɓarnar da yake yi wa gini ba. Wannan saɓani ne kan sa a ƙyale mai ɓarna a far wa mai amfani, kuma a fifita kisa a kan gyaran gini, alhali kuwa gyaran shi ne maganin da ke ɗorewa.

2.0 Matsayin Tsuntsaye a Idon Bahaushe

Idan aka lura da karin magana da camfe-camfe, za a iya kasa tsuntsayen da ke kusantar gida kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ake marhabin da su. Shamuwa ce kan gabansu, saboda isowarta daga kudancin Afirka tana zuwa daidai da ƙaratowar damina. Takan yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ana kallonta a matsayin baƙuwa mai albishir, kuma manya kan kwaɓi yaron da ya jefe ta. Tattabara ma tana cikin wannan kashi. Dabbar kiwo ce, ana cin 'ya'yanta, ana sayar da ita a kasuwa, ga kuma kwarjinin da ta samu daga labarin da ya shahara na kogon Sauru a lokacin Hijira, da kuma abin da alhazai ke gani na tattabarun Harami da ba a farautarsu.

Kashi na biyu su ne waɗanda ake zama da su bisa haƙuri. Ungulu ƙazama ce a bakin mutane, amma an san aikinta a mahauta da juji. Balbela kuwa farin jininta a makiyaya yake, inda take bin shanu. Tsattsewa da gwara da marai da kurciya duk ba a cika damuwa da su ba sai sun taɓa hatsi.

Kashi na uku su ne waɗanda ake ƙi. Shirwa tana surar 'yan tsaki da nama daga hannun yara. Hankaka ɓarawon ƙwai ne, har ana yi masa kirari da mai da ɗan wani naka. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya su biyun cikin halittu biyar da aka yarda a kashe ko da a cikin Harami ne, saboda cutarwarsu. Amma duk ba su kai mujiya ba, wadda baƙin jininta ya zama abin buga misali. Kukanta a kan soro, a wurin masu camfi, sanarwar mutuwa ce, wasu ma na danganta ta da maita.

Abin lura a nan shi ne, wannan rabo an yi shi ne bisa abin da tsuntsu ke yi wa dukiyar da ido ke gani, kamar kaza da hatsi, ko kuma bisa abin da zuciya ke tsoro. Ba a sanya gini cikin lissafi ba. Da za a sake rabon bisa ɓarnar da ake yi wa rufi da bango, da tattabara da 'yar'uwarta hasbiya ne za su hau sama, mujiya kuwa ta sauko kusa da ƙarshe.

3.0 Yadda Sauyin Gini Ya Buɗe Ƙofa

Ginin gargajiya na ƙasa bai ba tsuntsu wuri sosai ba. Bangon tubali mai kauri ne, ya fi faɗi a gindi ya tsuke a sama, an shafe shi sumul da makuba ko laso, tagoginsa kuwa 'yan ƙanana ne. Rufin soro da azara da ƙasa a haɗe yake, babu wani sarari tsakanin abin da mai ɗaki ke gani a samansa da abin da rana ke duka. Daɗin daɗawa, kowace shekara kafin saukar ruwa akan hau soro a share shi, a cike tsaga, a gyara bakin indararo, a sake yaɓe. Ba don tsuntsu ake wannan aiki ba, amma yana kawar da sheƙa da tsiro kafin su yi ƙarfi. Ɗakin jinka ma akan sake masa bunu lokaci lokaci. Rumbu kuwa a ɗage yake daga ƙasa, bakinsa a rufe.

Tattabaru ma a da suna da nasu muhalli. Mai kiwo kan gina musu ɗaki a gefen gida, ko ya jera musu tukwane da tuluna a jikin bango. Yana sanin yawansu, yana ɗebe 'ya'yan don ci ko sayarwa, yana kwashe kashin ya kai gona ko lambu, inda yake taki mai daraja. Watau ɗibar 'ya'yan ita ce ke tsare yawansu, kwasar kashin kuma ita ce ke tsare lafiyar gida.

Da rufin kwano da silin suka yaɗu, sai aka sami wani sabon ɗaki a saman kowane ɗaki: mai duhu, mai ɗumi, wanda ruwa ba ya dukansa, kuma mutum ba ya shiga sai shekara da shekaru. Ƙofarsa ita ce tazarar da kafinta ya bari tsakanin kan bango da kwano, ko wani ɓangaren silin na waje da ya ɓalle ba a mayar ba. Benaye na siminti sun zo da dakali a ƙarƙashin kowace taga da baranda da katakon ado, waɗanda a idon tattabara daidai suke da duwatsun da kakanninta ke sheƙa a cikinsu. Hasbiya, wadda aka fi sani da kan giginya, ita ma ta koyi zaman gini. Bayan haka kuma sai ga akwatin na'urar sanyaya ɗaki, da tankin ruwa a kan rufi, da farantan lantarki mai aiki da hasken rana, waɗanda ƙarƙashinsu inuwa ce da mafaka. Manyan masallatai na zamani, da ƙubba da hasumiya da tagogi masu tsawo da babu gilashi, sun haɗa dukkan waɗannan. A taƙaice, gini ya sauya, amma al'adar hawa rufi kowace shekara ba ta biyo shi ba.

4.0 Ire-iren Ɓarna

4.1 Ɓarna ga gini. A ginin ƙasa, babban haɗari shi ne toshewar indararo. Kara da ciyawa da gashi da kashin tsuntsu sukan taru a bakinsa, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasar rufi, ya yi mata nauyi, ya ruɓar da azara, har wata rana cikin tsakiyar damina rufin ya zauna. Akwai kuma 'ya'yan itatuwa irin su cediya da durumi da tsuntsu ke ci ya kasayar a kan katanga. Idan suka tsira, saiwarsu kan tsaga bango. A ginin zamani kuwa, kashin tsuntsu yana da tsami, yana cin fentin kwano da ƙarfe har tsatsa ta shiga. Tarinsa a cikin silin, idan yoyo ya jiƙa shi, yakan karya kwalin. Busasshiyar sheƙa kusa da wayar lantarki makamashin gobara ce. Kashin da ya rufe farantin hasken rana kuma yana rage wutar da yake bayarwa.

4.2 Ɓarna ga lafiya. Tsohon kashin tattabara wuri ne da wani nau'in ƙwayar cuta mai suna kiriftokokus ke rayuwa. Idan kashin ya bushe ya zama ƙura aka shaƙa, tana iya kama huhu, kuma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai fama da ƙanjamau, tana iya haifar da wani irin sanƙarau mai kisa. Akwai kuma zazzaɓin aku, wanda tattabaru ma ke ɗauke da shi. Ƙuma da sauran ƙwarin da ke cikin sheƙa sukan gangaro ɗaki idan 'ya'yan tsuntsun sun tashi. Gidan da ke tarar ruwan sama daga kwano yana tarar abin da ke kan kwanon tare da shi. Masu kiwon kaji kuwa suna da nasu dalili: a watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma ɗaya daga cikin matakan kariya daga wannan cuta shi ne hana tsuntsayen waje shiga ɗakin kaji su ci su sha tare da su.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu da akan gwama a masallatai. A mazhabar Malikiyya, kashin abin da ya halatta a ci namansa mai tsarki ne, muddin ba najasa yake ci ba, saboda haka kashin tattabara ba ya ɓata salla. Wannan hukunci ne na tsarki a ibada. Bai ce ƙurar kashin da ya shekara a kan dardumar da ake ɗora goshi ba ta cutarwa ba, kuma bai ɗauke wa masu kula da masallaci nauyin share shi ba.

4.3 Ɓarna a kewayen gini. Balbela kan taru ɗaruruwa a kan itatuwan cikin gari don kwana da ƙyanƙyasa. Kashinsu yana ƙona ganye, yana kawo wari da ƙuda a farfajiyar makaranta ko asibiti. Marai kan tsige ganyen bishiya don saƙa sheƙa. Gwara da kurciya kuwa suna bin shanya da buhunan da suka yage a ɗakin ajiya, kuma abin da suke ɓatawa da kashi ya fi abin da suke ci.

5.0 Abin da Ya Sa Kisa Ba Ya Magani

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne danƙo da tarko da bindiga da guba. To amma lissafin haihuwar tattabara bai goyi bayan wannan ba. Takan yi ƙwai biyu, ta kwanta a kansu kimanin kwana 18, 'ya'yan su tashi cikin mako huɗu zuwa biyar, kuma idan abinci ya wadata tana iya maimaita haka sau da yawa a shekara, ba ruwanta da rani ko damina. Idan aka kashe rabin garke aka bar abincin yadda yake, waɗanda suka rage sun sami rabo biyu ke nan, 'ya'yansu su fi rayuwa, baƙi kuma su zo su cike guraben.

Birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya gwada wannan. An shafe fiye da shekara 20 ana harbi da kamun tattabaru ba tare da yawansu ya ragu ba. A 1988 aka sauya dabara: aka shiga wayar da kan jama'a su daina watsa musu abinci a titi, aka gina musu 'yan ɗakuna ƙarƙashin kulawa inda ake ɗebe ƙwai ana share kashi. Cikin kimanin shekara huɗu yawansu ya ragu da kusan rabi. Landan ta hana ciyar da tattabaru a dandalin Trafalgar a 2003, Banis ta ƙasar Italiya ma ta yi haka a dandalin San Marko a 2008. Mai nazarin al'ada zai lura cewa abin da Basel ta yi bai yi nisa da abin da mai ɗakin tattabaru na gargajiya ke yi ba.

Kisa kuma yana da sakamakon da ba a zata. A 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta yi shelar yaƙi da gwara bisa zargin cin hatsi, aka hallaka ta da yawan gaske. Sai fara da sauran ƙwarin da take ci suka yi yawa, abin da ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka tsananta yunwar 1959 zuwa 1961. A 1960 aka janye ta daga jerin abokan gaba. A Indiya kuma, wani maganin dabbobi mai suna diklofenak ya ƙarar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulu daga shekarun 1990, mushe ya rasa mai ci, karnukan da ba su da masu suka ƙaru, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru tare da su, har aka haramta ba dabbobi maganin a 2006.

Ba sai an je nesa ba ma. Ungulun da ta kasance tana cika mahautai da kasuwannin ƙasar Hausa yanzu ganinta ya yi wuya a garuruwa da yawa, saboda guba, da farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Hausawa kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, amma a wurare da dama babu tsamiyar, babu ungulun. Guba kuwa ba ta tsayawa ga wanda aka sa wa: kaza da kyanwa da kare sukan ci tsabar ko gawar, yaro ma yana iya tsintar tattabarar da ta faɗi ya gasa.

6.0 Dabarun Kariya

Tun da abubuwa uku ne ke kawo tsuntsu, kariya ita ce janye su, bisa wannan jeri.

Na farko, abinci da ruwa. A rufe hatsi, a share tsabar da ta zube a wurin sussuka da injin niƙa da bakin ɗakin ajiya, a sa wa kwandon shara murfi, a binne ko a kwashe tarkacen mahauta a ranar, a rufe tanki, a gyara famfon da ke yoyo. Wanda ke watsa wa tsuntsaye hatsi da niyyar sadaka ba a hana shi alherinsa, amma ya kai shi fili nesa da gini. Wannan mataki shi ne mafi arha, kuma idan aka tsallake shi sauran ba sa ɗorewa.

Na biyu, toshe ƙofa. A cike tazarar da ke tsakanin bango da kwano, a mayar da silin da ya ɓalle, a sa raga a tagogin sama da ramukan shan iska da gefen farantan hasken rana. Girman idon raga yana da muhimmanci: milimita 50 ya isa hana tattabara, amma gwara sai milimita 19. Kafin a toshe, a tabbata babu tsuntsu ko 'ya'ya a ciki. Wannan tausayi ne da addini ya koyar, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawuda inda aka umurci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta, kuma dabara ce, domin gawar da aka rufe a silin wari ce da tsutsa.

Na uku, hana zama. Tattabara tana son shimfiɗaɗɗen wuri. Idan aka cika dakalin taga da siminti ya zama gangare mai digiri 45 ko fiye, ba ta iya sheƙa a kai. Akan kuma kafa tsinkayen ƙarfe ko siririyar waya a kan katanga. Mafi sauƙi shi ne magini ya yi wannan tun lokacin gini. Wurin kwanan balbela kuwa, a rage rassan bishiyar bayan sun gama ƙyanƙyasa, kada a sare ta.

Na huɗu, tsoratarwa. Mutum-mutumi da gwangwanayen da aka jera a igiya da ƙyalle mai ƙyalli duk an aro su ne daga gona. A gona suna aiki domin kwanakin tsaro kaɗan ne, kuma akwai yaro da majajjawa a kusa. A gini kuwa tsuntsu kan saba da su cikin 'yan kwanaki, har a gan shi zaune a kan mutum-mutumin. Amfaninsu na ɗan lokaci ne, sai ana sauya musu wuri.

Na biyar, kwasar kashi. Kada a share shi a bushe. A yayyafa masa ruwa, mai aikin ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, a zuba a buhu a kai gona. Mai raunin jiki kada ya yi wannan aiki. Mai tarar ruwan sama kuma ya bar na farko ya wanke kwano ya zube. Lokacin da ya fi dacewa da duba rufi shi ne wanda magabata suka zaɓa, watau gab da damina.

7.0 Waɗanda Ya Kamata a Ƙyale

Mujiyar da ke shiga silin da hasumiya abincinta ɓeraye ne, kuma ma'aurata biyu da 'ya'yansu suna iya cin fiye da dubu a shekara. Saboda haka ne manoma a Malesiya da Isra'ila da Jodan ke kafa mata akwatuna a gonaki don ta zauna. Ɗakin ajiyar hatsin da aka kashe mujiyarsa ya rasa mai gadin da ba a biya. Camfin da ke kanta ma hadisi ingantacce ya kore shi, tare da sauran camfi da tsuntsaye. Idan kukanta ko kashinta ya dami mutane, sai a jira 'ya'yan su tashi, a toshe ƙofar, a kafa mata akwati a bishiya ko bayan gini. Tsattsewa ma ƙwari take ci a sararin sama, ba ta taɓa hatsi, kuma katako guda da aka kafa ƙarƙashin sheƙarta ya isa tare kashin.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tsuntsun da ya addabi gini, ginin ne da halin mazaunansa suka gayyato shi, kuma kisa ba ya rage shi matuƙar abinci da masauki suna nan. An kuma ga cewa al'adar Bahaushe tana ɗauke da abin riƙewa da abin gyarawa. Abin riƙewa shi ne duba rufi kowace shekara, da keɓe wa tattabaru ɗakinsu, da mayar da kashinsu taki, da mutunta shamuwa. Abin gyarawa shi ne ƙin mujiya, da cinikin ungulu, da sakin tattabaru su hayayyafa a silin babu mai kula. Malamai a makarantu, da limamai, da magina da kafintoci, su ne suka fi kusa da wannan gyara. Masu nazarin harshe kuma suna da nasu aiki, domin sunayen tsuntsaye da yawa da ke cikin ƙamusun Bargery na 1934 sun fara kuɓuce wa yaran birni, kuma wanda bai iya bambanta hasbiya da kurciya ba, ko tsattsewa da gwara, da wuya ya san wanda zai toshe wa ƙofa da wanda zai bari.